Likita Biyar, Jiki Ɗaya

Sallama gare ku, masu bin wannan shafi. Ku gyara zama, don yau ba faɗa na zo yi wa kowa ba, kaina na kawo ƙara. Ni ce Umm Zuhair, ta Irbid, shekarata sittin da takwas. A unguwarmu ni ake kira in an rasa mai faɗa wa mutum gaskiya a idonsa. To ga ni yau, ban san gabas ba ban san yamma ba.

Razan jikata ce, 'yar ɗana Zuhair. Uwarta ta rasu tana shekara huɗu, a hannuna ta tashi. Yanzu shekararta ashirin da biyar, malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata. Matakalar gidanmu hawa ashirin da biyu ce, da gudu take haye ta da buhun shinkafa a kafaɗa, tana kirana Sitti, wato kaka, tana yi min tsiya wai na tsufa.

Cikin hunturun da ya wuce korona ta kama ta. Kwana shida kacal, zazzaɓi da tari. A cikin kwana shidan nan Umm Ƙusai ta aiko cewa za ta zo ganin yarinyar, don ɗanta Ƙusai, injiniya a Aƙaba, ya gan ta a wani biki ya kasa barci. Ni kuwa na san bakin matan unguwarmu. A lokacin suna ta yaɗa wai ciwon nan yana taɓa mahaifa, kuma da idona na ga an janye daga neman wata 'yar maƙwabta a kan wannan magana. Sai na aika cewa Razan ta tafi Zarƙa wajen ƙanwar uwarta. Na kulle ta a ɗaki, na sa ta rantse min ba za ta taɓa ambaton ciwon ga kowa ba. Baki shi ke yanka wuya, haka na ce mata.

Zazzaɓi ya tafi, Umm Ƙusai ta zo ta gani ta yaba, ta tafi tana murmushi. Na ce alhamdulillahi, an wuce wajen.

Ashe ba a wuce ba.

Abin ya fara da matakala. Sai in ga ta tsaya a hawa na goma ta dafa bango tana haki.

"Lafiya?"

"Zuciyata ce, Sitti. Kamar tsuntsu a keji."

"Soyayya ce. Wuce ki ɗora girki."

Daga nan sai hanci. Ƙusai ya aiko mata da turare mai tsada daga Aƙaba, cikin kwali mai ruwan zinare. Ta buɗe, ta ruga bayan gida tana kakarin amai. Wai warin tayar mota da aka ƙona take ji. Na shinshina, ƙamshi kamar ka lashe. Da yamma na ji ya turo mata saƙon murya: "Malama, ya turaren? In bai yi ba ki faɗa min, in kai mai shagon kotu." Ta rubuta masa, "Ya yi daɗi sosai," tana share hawaye da bayan hannu.

Sai kuma mantuwa. Wata rana ta dawo daga makaranta ta zauna a bakin gado da jakarta a kafaɗa, ko takalmi ba ta cire ba.

"Sitti, bakwai sau takwas nawa ne?"

"Ni kike tambaya? Ni da ajin uku na tsaya?"

"A gaban yara talatin na tsaya da alli a hannu. Ya ɓace min. Kamar an zuba min hazo a kai."

Amma ku ji irin wayon da na yi, wayon da ya ci ni. Asibitin unguwa yana nan bayan masallaci, tafiyar minti biyar. Ban kai ta can ba, don rabin matan unguwa a bencinsa suke hira. Na ɗauke ta muka shiga mota har Amman wajen likitan zuciya. Ni na yi magana, ita tana zaune. Zuciya na faɗa masa, zuciya kawai. Ai ba a kai wa maƙeri ɗinki. Ya manna mata wayoyi a ƙirji tana kwance, ya ce zuciya lafiya lau, fargabar aure ce, ga ƙwayar da za ta rage bugun.

Haki kuma na kai shi Zarƙa. Likitan ƙirji ya ɗauki hoto, ya ce huhu fes, amma ga abin shaƙa. Hanci na kai shi Ramsa, aka ba mu maganin fesawa. Mantuwa na kai ta Jarash, wannan ya ce damuwa ce, ya ba da ƙwayar da ke sa ta barci har azahar. Akwai na biyar a Mafraƙ da ya ɗebi jini kwalba huɗu, ya ce komai daidai, ta riƙa motsa jiki.

Duk inda muka je hannu biyu muke zuwa, ba na ɗaukar takardar wancan in nuna wa wannan, kada a ce yarinya mai yawon asibiti ce. In mun dawo sai in cusa takardun a wata baƙar leda, in tura ƙarƙashin barguna a saman sif. In likita ya tambaya, "Ta yi wani ciwo kwanan baya?" ni ke amsawa, "Mura kawai." Razan ta sunkuyar da kai.

Sau ɗaya ta gwada ni. Muna naɗe shinkafa a ganyen inabi a tsakar gida ta ce, "Sitti, na karanta a waya, wai akwai waɗanda korona ke barin musu..."

"Waya ce ta zama likita? Likita biyar sun ce ba ki da komai. Ke kin fi su?"

Ta ci gaba da naɗe ganyen. Ni ma a raina ruɗewar ce. In ba ta da komai, me ya sa take ramewa? In ba ƙira, me ya ci gawayi? Na kira malami ya yi mata ruƙiyya, na ce ko ido ne. Na dafa mata na'ana'a, na ba ta zuma da habbatus sauda. Da na ga shiru, sai na koma ga maganar likitan Mafraƙ, na ce lalaci ne ya shige ta. Na sa ta wanke matakala hawa ashirin da biyun nan, na sa ta shanya darduma a soro. Ranar ta yi, har da dariya. Washegari ta kasa ɗaga kai daga matashi, kwana uku tana kwance kamar wanki. Na ce ta ga aiki ne ta narke. Allah ya yafe min.

Ubanta Zuhair kuwa direban babbar mota ne, sati yana hanya. In ya dawo ya ce, "Yumma," wato Inna, "yarinyar nan ta faɗa." In ce, "Kowace amarya haka take." Ya bar maganar, don bai taɓa musa min ba tun yana yaro.

Haka muka ci wata tara. Mata sun gama tasu maganar, aka sa ranar jaha, wato ranar da dattawan gidan su Ƙusai za su zo a ayari su nemi aurenta a bakin maza. Juma'a bayan la'asar.

Ranar Talata muka shiga kasuwa ɗauko rigarta, baƙa mai ɗinkin jan zare tun daga wuya har ƙasa. Tela ta tsayar da ita a gaban madubi tana soka allurai a gefe, tana zuba surutu. Minti goma tana tsaye. Na ga leɓenta ya yi fari.

"Sitti, ɗakin yana juyawa."

"Tsaya ƙyam, an kusa."

Sai ga ta a ƙasa, ita da allurai da komai. Kafin in buɗe baki tela ta tare tasi, direban kuma bai tambaye ni ba, ya kai mu asibiti mafi kusa. Wane ne? Na bayan masallaci. Gudun da na yi wata tara, a ƙofarsa na ƙare.

Likitar mace ce, Daktora Maisun, 'yar gajera mai tabarau, ba ta wuce sa'ar Zuhair ba. Na buɗe baki zan fara bayani kamar yadda na saba, ta ɗaga min hannu.

"Hajja, wa ya faɗi, ke ko ita?"

"Ita."

"To bari bakin da ya faɗi ya yi magana."

Ni! Ni aka ce wa haka. Na haɗiye, na zauna.

Ta kwantar da Razan ta ƙirga bugun zuciyarta. Ta ce ta tashi ta jingina da bango, ta ƙirga, ta jira, ta sake ƙirgawa. Ta nuna min lambobin a takarda, na kwance da na tsaye, tazararsu kamar Irbid da Aƙaba.

"Wanda ya duba zuciyarki, a tsaye ya auna ki ko a kwance?"

"A kwance," in ji Razan.

"Wane magani kike sha?"

Razan ta fara lissafi ta ɓace a na uku. Daktora ta juyo gare ni. "Akwai takardu?"

"Akwai 'yan kaɗan a gida."

"Je ki ɗauko, Hajja. Duka. Ina nan."

Na ratsa ta gaban bencin matan nan da ƙafata, na je na dawo da baƙar leda a ƙarƙashin mayafi kamar wadda ta sato kaza. Daktora ta zazzage ta a kan tebur. Takardu, hotunan ƙirji, kwalayen magani. Ta jera su bisa kwanan wata, tana karantawa tana girgiza kai. Ta ɗaga ƙwayar Amman a hannun dama, abin shaƙar Zarƙa a hagu.

"Wannan yana rage gudun zuciya. Wannan kuma yana iya ƙara shi. Na farkon yana iya hana na biyun aiki. Mai wannan ya san da wancan?"

"A'a."

"Me ya sa?"

"Kowa da fanninsa," na ce.

"Hajja, kin taɓa ganin an dafa mansaf, shinkafa a Amman, nama a Zarƙa, miya a Ramsa, kuma ba wanda ya san bikin wa ake yi?"

Razan ta yi dariya, ta farko cikin makonni. Ni ban yi ba.

Sannan ta ja kujera ta zauna daf da yarinyar. "Takarda ta farko watan biyu aka rubuta ta. Me ya same ki a watan ɗaya?"

Razan ta kalle ni. Rantsuwar nan ce a idonta. Na ce a raina, Umm Zuhair, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Korona ce," na ce. "Kwana shida. Ni na hana ta faɗa."

Daktora ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Cewa ta yi akwai mutane da yawa da ciwon ke wucewa ya bar musu irin wannan, bugun zuciya in sun miƙe, hazo a kai, hanci ya rikice, gajiyar da ke kayar da mutum kwana ɗaya ko biyu bayan ya yi aiki. Ta ce ba wani gwaji guda da zai nuna shi ƙarara, sai an tattara labarin wuri ɗaya, an kuma tabbatar ba wani ciwon ne ya ɓuya ba, shi ya sa akwai gwaji biyu da za ta ƙara.

"Daga yau fayil ɗaya, a nan, a hannuna. Zan rubuta wa na zuciya da na ƙirji, su san da juna, mu daidaita maganin tare. Akwai mai koyar da yadda ake auna ƙarfi, kada a kashe na gobe a yau, zan tura ki wajenta. Makaranta kuma zan ba ki takarda a rage miki darasi."

"To yaushe za ta warke?" na tambaya.

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba? Biyar sun ce ba ta da komai, ke kin ce tana da abu, kuma ba ki san ranar tafiyarsa ba?"

"Wasu watanni, wasu ya fi haka. Yawanci ana samun sauƙi a hankali. In na yanka miki rana, ƙarya na yi."

"Haihuwa fa?"

"Ban ga abin da ya taɓa wannan ba. Wa ya gaya miki?"

Matan benci zan ce?

"Amma bikin kwana uku, da tsayuwa da rawa da gaishe da mutum ɗari biyar, ba yanzu ba," in ji ta. "Kuma wanda zai zauna da ita ya kamata ya sani. Tsintsiya sai da maɗauri take shara, shi ma yana cikin maɗaurin."

Muka koma gida. Wallahi na rasa abin da nake ji. Daɗi, don an ce yarinyata ba malalaciya ba ce, ba kuma taɓin hankali ba ne? Ko baƙin ciki, don ciwon da ba shi da suna jiya yau ya samu suna, kuma suna shi ke yawo a unguwa? Garin neman gira na kusa rasa ido, wannan na gane. Abin da ban gane ba shi ne me zan yi da Juma'a.

"A bari a yi jahar," na ce mata ranar Laraba. "In an ɗaura, sai a faɗa masa a hankali."

"Sitti, ke kika koya min ramin ƙarya ƙurarre ne."

"Na koya miki kuma ki riƙa jin maganar manya."

"Na ji ta wata tara."

Na tashi na bar mata ɗakin. Ni, Umm Zuhair.

Ranar Alhamis da hantsi ta baza takardun a kan darduma ta ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya, ta tura wa Ƙusai. Ta karanta min abin da ta rubuta: "Turarenka warin taya nake ji tun ranar farko, ba laifin mai shago ba ne. Ba ni da lafiya, kuma ba a san ranar da zan warke ba. Ka karanta kafin gobe. In ka fasa, ba zan riƙe ka a zuciya ba."

Alamar nan biyu ta yi shuɗi, ta ce ya buɗe ke nan. A sama aka nuna yana rubutu. Ya daina. Ya sake farawa. Ya daina. Har aka kira azahar, har la'asar, ko harafi. Ta kife wayar a ƙarƙashin matashi. Ni kuma na rasa ko in sa a yanka ragunan jahar ko in dakata. Zuhair ya dawo daga hanya, na zaunar da shi na faɗa masa komai. Ya riƙe kai da hannu biyu, ya ce, "Yumma," bai ƙara ba.

Juma'a bayan la'asar sai ga motoci sun cika layi. Maza wajen arba'in, jajayen rawuna da manyan alkyabbu, suka shige babban falo. Mata suka cika ɗakin ciki, Umm Ƙusai a tsakiya da awarwaron zinare har gwiwar hannu, tana ta rangaɗa guɗa tun ba a fara ba. Razan na zaune a kujera cikin baƙar rigarta, na hana ta tashi gaishe da kowa, na ce sabon takalmi ne ya matse ta. Ƙarya dai, har yau.

Na leƙa ta labule. Ƙusai yana can ƙarshen layi, kansa a ƙasa. Ya zo. To ya zo ne don ya yarda, ko don ya kasa faɗa wa mutanensa?

Aka zuba gahawa a finjali aka miƙa wa babbansu, baffan Ƙusai, Hajji Abu Rakan. Ya karɓa ya ajiye a gabansa bai sha ba, kamar yadda aka gada. Ya yi salati, ya yabi gidanmu tun daga kakanni, ya ce, "Ba za mu sha gahawarku ba sai kun biya mana buƙatar da ta kawo mu." Abin da ya rage Zuhair ya ce ku sha, an ba ku. In an sha kuwa magana ta ɗauru, janyewa bayan nan abin kunya ne ga dangi biyu.

Zuhair ya ce a ba shi minti ɗaya ya ji ta bakin yarinya. Ya shigo lungun da ke tsakanin ɗakunan, gumi na zuba a wuyansa, aka kira masa Razan ta zo tana dafa bango.

"Yaba, ina son sa," ta ce wa ubanta. "Amma kada su sha a kan abin da ba su sani ba."

"A gaban maza arba'in zan ce 'yata ba ta da lafiya?" Ya juyo gare ni, idonsa jawur. Karon farko a rayuwarsa ya kalle ni haka. "Yumma, ba ni na ƙulla wannan ba."

Gaskiya ya faɗa. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Na gyara mayafina. Tunda aka gina gidan nan mace ba ta taɓa taka falon nan ranar jaha ba. Na ɗaga labule na shiga. Tasbahohi suka tsaya a hannun masu su.

"Hajji Abu Rakan, a gafarce ni, tsufa ne ya ba ni ƙafa. Kada ka sha tukuna."

Na faɗa musu. Koronar, da ƙaryar Zarƙa, da likita biyar, da abin da ta shida ta ce, har da ban sani ba ɗinta. Na ce yarinya ba ta ɓoye komai ba, ni na ɗaure mata baki.

Dattijon ya daɗe yana kallon finjalin, tururinsa ya fara raguwa. Sannan ya juya a hankali ya nemo ɗan ɗan'uwansa a ƙarshen layi.

"Ƙusai. Ka san da wannan?"

Yaron ya miƙe tsaye. "Tun jiya, Ammo. Na karanta takardun duka, sau biyu. Na rasa abin da zan rubuta mata, shi ya sa na taho da ƙafata." Ya dubi labule. "Ni na sani, kuma ina nan. Mahaifiyata ce ba ta sani ba."

Abu Rakan ya miƙa hannu ya ɗauki finjalin. Bai kai baki ba, sai na ji ƙarar awarwaro a bayana, daf da labule, da muryar Umm Ƙusai, ba guɗa a cikinta ko kaɗan.

"Yanzu na sani. Hajji, ajiye finjalin nan."